Muhawara: Tseren motocin Amurka al'ada ce ko kasuwa?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Sadiƙu ya ce wanda yake son sanin halin Ba'amurke ya je filin tseren motoci, wai a can al'adarsu take. Na kwana da maganar a raina, kuma ban yarda da ita ba. Abin nan da ake kira NASCAR kamfani ne, kamfanin ma na gida ɗaya. Bill France ne ya kafa shi a Daytona Beach ta jihar Fulorida a 1948, har yau kuma yana hannun zuriyarsa. Ku dubi motar da kyau, daga hancinta har but babu inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa sunan wani kamfani ba, haka ma rigar direban. Daga 1971 zuwa 2003 babbar gasarsu sunan taba sigari take amsawa, Winston, domin gwamnati ta hana tallar taba a rediyo da talabijin, sai kamfanin R.J. Reynolds ya kwashi kuɗin tallarsa ya kai filin tsere. Masu ƙera motoci ma ba su ɓoye ba, da bakinsu suke cewa a ci tsere ran Lahadi, a sayar da mota ran Litinin. Ni a wurina al'ada ita ce abin da mutane suka gada, wanda za su yi ko da riba ko babu. Wannan kuwa kasuwa ce aka lulluɓe da tuta da addu'a.

Sadiƙu: Wa alaikumus salam Malam. Ina nan a kan bakana, amma Yaya Isuhu ne yake zaune a cikinsu, shi ya fi dacewa ya fara amsawa.

Isuhu: Allah shi gafarta Malam, abin da kuka faɗa game da kamfanin babu ƙarya a ciki. Sai dai wanda ake nunawa a talabijin kuke magana a kai, kuma ba shi ne duka ba. Ni a Greensboro nake, a Karolaina ta Arewa, inda mu 'yan Nijar muke da yawa, tirela kuma nake tuƙawa. Tafiyar kamar rabin awa daga nan akwai Winston-Salem, a can akwai wani fili mai suna Bowman Gray. Filin ƙwallonsu ne aka kewaye da kwalta, zagayensa rubu'in mil kacal, kuma tun 1949 ake tsere a cikinsa daren Asabar idan lokacin zafi ya kama. Masu tuƙi a can ba taurari ba ne. Ran Litinin za ka iske wani yana walda, wani yana gyaran famfo, wani yana sayar da taya. Bayan an tashi daga aiki ake haɗa motar a garejin bayan gida, uba da ɗa da suruki, kuma su da kansu za su gaya maka kuɗin da ake ci bai cika mayar da abin da aka kashe ba.

Na zauna kusa da wata tsohuwa, gashinta fari fat, jikarta a cinya an toshe mata kunnuwa saboda ƙara. Duk zagayen da wata jar mota ta yi sai tsohuwar ta miƙe ta ɗaga hannu ta yi mata ihu. Na tambayi ɗanta me direban ya yi mata. Ya ce shi bai yi mata komai ba, mahaifinsa ne ya taɓa ture direban da mijinta yake so, tun suna samari. Burbushin taya baƙi yana sauka a hannunmu da cikin abincinmu, babu wanda ya damu. Malam, wane kamfani ne ya sayar wa tsohuwar nan wannan gabar da ta gada?

Bala Bakanike: Malam, ni ma ina bayan Isuhu, kuma ta wajen sana'ata zan shigo. Kafin a yi NASCAR an yi motocin. A tsaunukan Karolaina da Jojiya da Birjiniya talakawan manoma suna dafa wiski da masara a cikin daji. An haramta barasa a Amurka daga 1920 zuwa 1933, bayan an ɗage haramcin ma ba su daina ba, domin ba sa son biyan haraji, kuma gundumomi da dama a kudu sun ci gaba da hana sayar da ita. To wa zai kai kayan birni cikin dare? Yaro mai mota. Sai a samo Ford ƙirar 1940, a cire kujerar baya, a ƙara ganyen sifirin don kada bayanta ya zauna a gane tana ɗauke da kaya, a yi wa injin aikin da motar jami'an haraji ba za ta kamo ta ba. Duk wanda ya san motocin 'yan fasa-ƙwauri na kan iyakarmu da Nijar ya san irin wannan gyaran. Ran Lahadi kuma sai musu ya tashi, motar wa ta fi gudu, a share fili a gwada.

Tseren farko na motocin kasuwa da NASCAR ta shirya a Charlotte ne, ranar 19 ga Yunin 1949. Wani Glenn Dunaway ne ya zo na ɗaya, da aka duba motar aka tarar an taɓa sifirin ɗinta na baya irin na masu ɗaukar wiski, sai aka karɓe nasarar aka ba Jim Roper. Ka ga tun ranar farko hannun bakanike yana ciki. Bill France tara su ya yi ya kafa musu doka, ba shi ya haife su ba.

Malam Habu: Bala, ka taimaka mini ba ka sani ba. Shahararren cikin masu ɗaukar wiskin nan shi ne Junior Johnson na gundumar Wilkes. An kama shi a 1956 a wurin dafa wiskin mahaifinsa, ya yi wata 11 a kurkuku, ya fito ya koma tsere har nasarorinsa suka kai 50, Shugaba Reagan ya yafe masa a 1986. To shi ɗin ne ya je wajen R.J. Reynolds neman su ɗauki nauyin motarsa, da ya ga kuɗin da ke hannunsu ya fi ƙarfin mota ɗaya, sai ya tura su wajen gidan France. Ɗan daji da kansa ya buɗe wa kamfanin taba ƙofa. Sannan ina tambaya, abin da ya tsiro daga barasa da gudun haraji shi za mu tsaya muna yi wa kirari?

Bala Bakanike: Ba kirari nake wa barasa ba Malam, Allah ya tsare. Kun ce ba gado ba ne, shi ne nake nuna muku inda aka gado shi. Kuma Junior Johnson ɗin nan ya bar wa direbobi ilmi. A Daytona a 1960 motarsa Chevrolet ba ta kai Pontiac gudu ba, sai ya lura idan ya manne a bayan mai gudun, ita take tsaga iska, tasa kuma ta bi a sauƙaƙe. Da haka ya ci tseren, kuma har yau da dabarar ake tuƙi a Daytona da Talladega. Mutumin da bai yi makaranta mai nisa ba ne ya gano wannan da sitiyari a hannunsa.

Anti Rabi: Ku yi haƙuri in shigo, duk kun tafi kudu kun bar mu. Malam, ni a Indiyanafolis nake aikin jinya, kuma tserenmu ya girmi NASCAR da kusan shekara 40. An gina filin a 1909, aka shimfiɗa masa bulo sama da miliyan 3, aka yi tseren mil 500 na farko a 1911. Ray Harroun ne ya ci, shi kaɗai a motarsa da madubin duba baya, alhali sauran kowa da bakanikensa a gefe yana duba masa. Yanzu an rufe bulon da kwalta sai yadi ɗaya da aka bari a layin ƙarshe. Unguwar da filin yake ma gari ce mai zaman kanta, sunanta Speedway.

Da watan Mayu ya kama gari yake canzawa. Tuta mai baƙi da fari a ƙofar gidaje, a shaguna, har a teburin ma'aikatan asibiti. Tun watanni kafin lokacin ake rigimar wa zai yi aiki ranar tseren. Mutum wajen 300,000 ne suke taruwa a rana ɗaya, masu gidajen kusa da filin su mayar da ciyawar ƙofar gidansu wurin ajiye motoci. Yawancin shekaru ba a nuna tseren kai tsaye a talabijin a cikin birnin, don haka sai iyali su taru a bayan gida suna gashin nama da rediyo a kunne. Na yi jinyar wani dattijo da bai iya tuna abin da ya ci da safe ba, amma ya lissafa mini wurin zaman da mahaifinsa yake saya musu, sashe da layi da lamba, ya ce yanzu jikokinsa ne a kai. Wanda ya yi nasara a tseren, madara yake sha, abin da Louis Meyer ya fara a 1936. Kuma ana yin tseren ne a ƙarshen makon tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙi. Kafin a tayar da motoci ana busa musu ƙahon makoki, duk taron nan ya yi tsit. Malam, ban san sunan da za a kira wannan da shi ba idan ba al'ada ba.

Malam Habu: Hajiya Rabi, madarar ma ai ƙungiyar masu sayar da madara ta jihar ce take kawowa, har ta ba wanda ya sha kuɗi.

Anti Rabi: Haka ne Malam. Amma Meyer don ƙishirwa ya sha, su kuma daga baya suka biyo. Ɗan kasuwa yana bin taro ne inda ya gan shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1945, ba a yi tseren ba, ciyawa ta cinye filin har ana maganar a rushe shi a gina gidaje. Tony Hulman ya saye shi a 1945, aka buɗe a 1946, mutane suka dawo tamkar ba a taɓa rufewa ba.

Zainab: Baba Malam, Anti, ni tawa tambayar daban ce. Na yarda al'ada ce. Amma ta wa? Sadiƙu ya ce ta Amurkawa, a nan ne nake ja da shi. A Indiyanafolis ɗin da Anti take yabo, baƙar fata ba sa shiga tseren a farkon lamari, sai da suka shirya nasu a filin baje kolin jihar daga 1924 zuwa 1936. Gwarzonsu Charlie Wiggins bakanike ne da farare suke neman taimakonsa a kan injin, amma bai taɓa samun shiga babban tseren ba. Sai a 1991 baƙar fata na farko, Willy T. Ribbs, ya shiga. Shekara 80 ke nan daga tseren farko.

A kudu kuma ga Wendell Scott, mutumin Danville ta Birjiniya. Ya yi tuƙin tasi, ya yi bakanike a soja lokacin yaƙi, shi ma ya ɗauki wiski, Kawu Bala, duk abin da ka lissafa yana da shi. 'Ya'yansa ne masu canza masa taya, da tsofaffin kayan gyara yake haɗa mota. Ranar 1 ga Disamba 1963 ya ci tsere a Jacksonville, aka ɗaga wa Buck Baker tuta, aka miƙa masa kofi. Sai da jama'a suka watse aka ce an sake lissafi, Scott ne ya ci. Kuɗin aka ba shi, kofin bai gani ba har ya rasu a 1990. Sai a 2021 NASCAR ta miƙa wa iyalansa kofi. Bill France kuwa a 1972 George Wallace ya mara wa baya, gwamnan Alabama da ya yi suna wajen kare wariyar launin fata. Tutar 'yan tawayen kudu, waɗanda suka yi yaƙi don a ci gaba da bauta, ta yi ta kaɗawa a filayen nan har ranar 10 ga Yunin 2020 da aka hana ta. Yaya Isuhu, kai da kake zuwa da baƙar fatarka, ka faɗa mana gaskiya.

Isuhu: Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba. Kafin a hana tutar na je wani babban fili, na bi ta wurin da masu kwana a motocinsu suke kafa tantuna. Tutocin nan a jere a saman motoci, idanu kuma suna bina. Babu wanda ya ce mini kanzil, amma na ji a jikina cewa ni baƙo ne, har na fasa fitar da dardumata a fili, na koma cikin mota na yi salla. A ranar dai, wanda ya zauna kusa da ni, fari ne mai gemu, ya ga ban zo da abin toshe kunne ba ya ba ni nasa na ajiya, ya yi ta bayyana mini abin da ke faruwa har aka tashi. Duka biyun a wuri ɗaya suka same ni, ba zan jefar da ɗaya in riƙe ɗaya ba.

Kuma ki tuna wanda ya fito ya ce a sauke tutar direbansu ne, Bubba Wallace. Bayan kwanaki aka ga igiya mai ƙullin rataya a garejinsa a Talladega. Hukumar FBI ta bincika ta ce igiyar jan ƙofa ce da take wurin tun watan Oktoban 2019, ba don shi aka ɗaura ba. Amma kafin sakamakon ya fito, direbobi da makanikai gaba ɗaya suka tura motarsa da hannu har gaban layi, Richard Petty, tsohon zakaran NASCAR, da tsufansa ya zo ya dafa kafaɗarsa. A filin nan dai Wallace ya ci tsere a watan Oktoban 2021, a motar kamfanin Michael Jordan, tauraron ƙwallon kwando, da direba Denny Hamlin.

Zainab: Daga 1963 zuwa 2021, Yaya. Shekara kusan 58 tsakanin baƙar fata na farko da na biyu da suka ci tsere a babbar gasar NASCAR. Kuma har yau idan aka kira sunansa ana yi masa ihu a filaye da yawa.

Isuhu: Ana yi. Wasu don launinsa, ban musa ba. Wasu kuma haka suke yi wa kowa, Kyle Busch fari ne kuma ya sha ihun da ya fi wannan. Daga benci ba ka iya rarrabe wane ne wane.

Sadiƙu: Adda Zainab, abin da kika kawo shi ne ma dalilina. Ban ce kyakkyawar al'ada ce tsantsa ba, na ce a can ake ganin halinsu. Son mota, son ƙara, girmama soja, coci, kasuwanci, da tabon wariya, duk suna fili ɗaya. Fasto ne yake buɗe tseren NASCAR da addu'a a nuna ta a talabijin, abin da ba ka cika gani ba a sauran manyan wasanninsu. A tseren mil 600 na Charlotte sunan sojan da ya mutu ake rubutawa a gilashin gaban kowace mota. 'Yan siyasa ma sun san da haka. Reagan yana Daytona ranar 4 ga Yulin 1984 da Richard Petty ya ci nasararsa ta 200, George W. Bush ya je a 2004, Trump ya je a 2020 da 2025. Ba don son taya suke zuwa ba, sun san waɗanda ke zaune a bencin nan da inda ƙuri'arsu take.

Malam Habu: To bari in kawo abin da ya fi damuna. Rai. Addini ya hana mutum ya jefa kansa cikin halaka, hankali ma ya hana. Motoci wajen 40 a cunkushe suna gudun kilomita 300 da wani abu a awa, tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. A shekarar 2000 kaɗai Adam Petty da Kenny Irwin da Tony Roper suka mutu, Adam shekararsa 19, jikan Richard Petty. Kamfanin bai tilasta na'urar riƙe kai da wuya ba sai da Dale Earnhardt ya mutu a zagayen ƙarshe na Daytona ranar 18 ga Fabrairun 2001, a kan idon miliyoyin masu kallo. Ga almubazzaranci da mai. Ku gaya mini ba hatsarin mutane suke zuwa kallo ba.

Bala Bakanike: Jinkirin da suka yi laifi ne Malam, babu mai wanke su. Na'urar tana nan tun kafin mutuwar yaran nan. Amma daga 2001 aka tilasta ta, aka sa wa katangun filaye ƙarfe da soso mai shanye bugu, aka sake fasalin kujera, kuma tun daga Earnhardt babu direban da ya sake mutuwa a tseren manyan gasanninsu uku. Batun mai kuwa, da aka shiga ƙarancinsa sun rage tseren Daytona na 1974 zuwa mil 450. Ni abin da nake kallo ba hatsari ba ne. Mutum biyar su tsallako katanga su canza taya huɗu su zuba mai cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka, wannan nake maimaitawa ina nuna wa yarana a gareji.

Isuhu: Malam, kan Earnhardt ina da abin faɗa, domin a hanyata ta zuwa Charlotte nake wuce garinsu, Kannapolis. Garin masaƙa ne. Ya bar makaranta a aji tara, ya yi aikin masaƙa da gyaran mota, ya ci gasar sau 7 kamar Petty. Sai a gwajinsa na 20, a 1998, ya ci Daytona 500, babban tseren mil 500 na Daytona, makanikan duk ƙungiyoyi suka jeru suna miƙa masa hannu. Da ya mutu, duk tseren da aka yi a shekarar, idan an zo zagaye na uku sai jama'a su miƙe su ɗaga yatsu uku, lambar motarsa. Bayan shekara biyu, a 2003, masaƙar garin ta rufe, dubban mutane suka rasa aiki rana ɗaya. Har yau ina ganin lamba 3 a gilashin tsofaffin a-kori-kura na ma'aikata. Mutanen nan ba hatsari suka je kallo ba. Sun ga ɗaya daga cikinsu ya fita daga masaƙa ya zama wani, kuma bai canza harshe ba. Gidan Petty su ma, a Randleman nan kusa da mu, sun gina sansanin hutu na yara masu ciwo mai tsanani don tunawa da Adam, an buɗe shi a 2004.

Sadiƙu: Amma Yaya, mu faɗi gaskiya, abin yana ja da baya. A 2006 mutum wajen miliyan 19 suka kalli Daytona 500 a talabijin, yanzu ba ya kai miliyan 10. Filin Daytona da kansa ya rage kujerunsa zuwa 101,500. Tsarana a can Formula 1 suke bi, gasar tseren motoci ta duniya. Tun da kamfanin Liberty Media na Amurka ya saye ta a 2017, ga Austin da aka fara tun 2012, ga Miami a 2022, ga Las Vegas a 2023. Ni ma Lewis Hamilton ne ya jawo ni harkar tsere, ba Petty ba.

Malam Habu: Ka ji ko. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta buɗe a gaba.

Isuhu: A'a Malam, a nan ne zan kama ku da ma'auninku. Kun ce al'ada ita ce abin da mutane za su riƙe ko da riba ko babu. A shekarun 1990 da kuɗi suka yi yawa, sai aka kwashe tsere daga ƙananan garuruwan kudu aka kai manyan birane. North Wilkesboro, a gundumar su Junior Johnson, filin da aka buɗe tun 1947, aka rufe shi a 1996 aka raba ranakunsa tsakanin Texas da New Hampshire. Rockingham ta rasa nata a 2004. Bishiyoyi suka tsiro a cikin bencin North Wilkesboro. Mutanen gundumar ba su haƙura ba, shekara da shekaru suna kafa alluna a bakin titi suna neman a dawo musu da filinsu. A ƙarshen 2019 Dale Earnhardt ƙarami ya tara mutane cikin sanyi suka nome ciyawar da ta fasa kwaltar. Jihar ta sa kuɗi, a 2023 aka dawo da tseren taurari can, Kyle Larson ya ci. Shekara 27 kamfani ya juya musu baya, su ba su juya ba. Raguwar masu kallon da Sadiƙu yake faɗa, ni a ganina wani ɓangarenta fushin waɗannan mutanen ne.

Malam Habu: Son da mutanen Wilkes suke yi wa filinsu gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma wa yake da ikon rufewa da buɗewa? A 1961 Curtis Turner ya nemi kafa wa direbobi ƙungiyar ƙwadago, Bill France ya kore shi. A 1969 manyan direbobi ƙarƙashin Richard Petty suka ƙi yin tseren farko na Talladega saboda tayoyi suna fashewa, France ya cike gurbinsu da wasu ya yi tserensa. A 2024 kamfanin Michael Jordan ɗin da kake yabo ya kai NASCAR kotu a kan ta kankane harkar ita kaɗai. A shekarar dai NASCAR ta karɓi ragamar tseren Bowman Gray naka. Talaka yana da so, gidan France suna da makulli.

Bala Bakanike: Wannan kam ta taɓa ni Malam. Tun 2022 da aka kawo sabuwar mota, yawancin kayanta daga kamfanonin da aka zaɓa ake sayo su, ƙungiya ba ta da izinin ƙera nata. Bakanike ya koma mai ɗaura noti. Direbobin ma duba su, Chase Elliott ɗan Bill Elliott, Ryan Blaney ɗan Dave Blaney, Austin Dillon jikan Richard Childress, Ty Gibbs jikan Joe Gibbs. Yaron masaƙa irin Earnhardt ta ina zai shiga yau?

Anti Rabi: Mata ma haka. Sara Christian tana cikin tseren 1949 da Bala ya ambata, Janet Guthrie ta shiga Daytona 500 da Indi 500, wato tserenmu na Indiyanafolis, a 1977, Danica Patrick ta jagoranci Indi a 2005 ta gama ta huɗu. Bayan su sai ka ƙirga da yatsu. A benci kuwa mata ba su da iyaka, su ne ma suke riƙe da tikitin iyali.

Sadiƙu: Kawu Bala, akwai wata ƙofa da ta buɗe. William Byron, wanda ya ci Daytona 500 a 2024 da 2025, a kwamfuta ya fara koyon tsere. Rajah Caruth ma haka, baƙar fata ne da ya tashi a birnin Washington, babu direban tsere a gidansu. Ya yi karatu a jami'ar baƙar fata ta Winston-Salem, wadda ƙungiyar ƙwallonta take wasa a filin Bowman Gray ɗin nan, kuma a watan Maris na 2024 ya ci tseren a-kori-kura a Las Vegas.

Bala Bakanike: Allah ya ƙara masa. Amma wanda ya koya a kwamfuta direba ne, ni bakanike nake nema.

Zainab: Caruth shi ne baƙar fata na uku da ya ci tsere a manyan gasannin NASCAR, bayan Scott da Wallace. Uku, tun daga 1948. Yaya Isuhu, idan ka koma Bowman Gray ka duba mana bayan katanga inda ake gyaran motoci, ka ƙirgo mana masu kama da kai da ke riƙe da sifana.

Isuhu: Zan duba in sha Allah, kuma abin da na gani shi zan faɗa, ko bai yi mini daɗi ba.